Dama Kaɗan

Iskar daren Talata ta murɗe wuyan dishinmu.
Ya wayi gari yana leƙen gidan Modi mai walda
kamar jakin da ya ƙi hanya.
Talabijin ya koma shuɗi, ko tari ba ya yi.

Baba ya ce, "Yau Arfa. Hau."
Ban ce masa rana ta take ba.
Wa zai ba mutumin Mabera labarin rana?

Na jingina tsanin nan mai ɗaurarriyar ƙafa,
sifana a aljihu, kwalbar man keke a baki,
silifas ɗaya nawa, ɗaya na Luba.
Kwanon rufi yana cin tafin ƙafata ta cikin roba.
Daga sama unguwa ta kwanta mini:
tankunan ruwa, kawunan dogonyaro, shanyar barkono,
da fararen faranti bisa kowane gini,
duk sun fuskanci wuri guda, sun daidaita sahu.
Namu kaɗai ya saɓa wa liman.

Noti huɗu ne, tsatsa ta ɗaura musu aure.
Na ɗiga mai, na lallashe su,
na sassauta, ban kwance ba.
Modi ya taɓa ce mini,
"Riƙe shi awa mai ɗaukar ƙwai a kasuwa.
Abin da kaka nema yana can bisa, ba ka ganinai,
kaurin gashi ya isa ka ɓace mai."

Luba ce manzo, tana bakin taga.
"Nawa?"
"Babu!"
"Yanzu fa?"
"Sha biyu. Kai, ya gudu!"
"Ina zan yi?"
"Dama kaɗan!"
Damarta ko damata? Ba ta faɗa ba.
Na bi tawa, na ɓata.
Na bi tata, gumi ya shiga idona.
Muryar Baba ta fito ta ƙarƙashin kwano:
"Wanga yaro, mi kaka yi nan bisa, kwana?
Ɗaga mai kai, ka cika duƙar da shi!"

Na ɗaga kaurin farce.
Na murɗa idon da ke bakin sanda, sannu,
yadda ake saita agogon tsoho.
"Talatin!"
Wani hasbiya ya sauka, ya dube ni, ya tashi.
"Arba'in da bakwai!"
Na daina haɗiyar yawu.
"Sittin! Ya yi kore! Yaya, kar ka numfasa!"

Sai na ji ta, daga ɗakin da ke ƙarƙashin ƙafata,
muryar taro mai yawan da ba shi da baki ɗaya,
tana amsa kira.
Na ɗaure noti, wannan kaɗan, na gicciyensa kaɗan,
don ɗauri ma yana karkatar da abu.

Na sauko. Baba ya ja kujera har gaban gilashi,
tabarau ɗaure da zare a kunne.
Dutse ya yi fari da mutane
kamar an shanya audugar duniya wuri ɗaya.
Lema, lema, lema, ba fuska ko guda.
Ya daɗe yana bi da ido.
Sai ya ɗora yatsa kan wani ɗigo.
"Ga Ige nan. Tahiyarta ce.
Ba ku ga tana jan ƙahwar hagu ba?"

Luba ta dube ni.
Shekara goma sha ɗaya Inna tana zubin adashi,
ƙuli-ƙuli bayan ƙuli-ƙuli,
yau ga ta ɗigo a cikin dubun dubata,
in ma ita ce.
Muka ce, "Ita ce, Baba."

Nan wuta ta ɗauke.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.
Yatsansa yana nan kan baƙin gilashi.
Ya ce, "Ba komi. Ta isa."

Da la'asar ina zaune, ƙafafu cikin bahon ruwa,
Luba ta zo da tsumma za ta goge talabijin.
Shatin yatsa yana tsakiya, ɗan maiƙo.
Ya ce, "Bar shi nan.
In wuta ta dawo, daga nan za mu ci gaba da nema."